Hannunka ƙarami ne? Ga yanda ake zaɓen fistol ɗin da zai zauna maka a hannu

Wannan bayanin na waɗanda ke zaune a inda doka ta yarda mutum ya mallaki fistol ne, musamman 'yan'uwanmu da ke Amurka, ko masu zuwa filin koyon harbi. A Najeriya dai dokar makamai ta 1959 ta saka fistol da ribolba (ƙaramar bindiga mai gidan harsashi da ke juyawa) cikin haramtattun makamai, sai da lasisin shugaban ƙasa, toh kar wani ya karanta ya nufi kasuwar bayan fage ya ce ni na aike shi. Ko a Amurkan ma ba haka kawai ake shiga shago a fito da ita ba, sai ka kai shekara 21 kafin dila mai lasisi ya sayar maka, ka cike fom 4473 a binciki tarihinka, mai bizar ziyara ko ta karatu kuma dokar tarayya ta hana shi sai in ya shiga wata togaciya kamar lasisin farauta, sannan kowace jiha da nata, a New York sai kana da takardar izini tukuna.

Toh mu dawo kan hannu. Abinda yawancin mutane ke yi, har da wasu masu shagon, da sun ga mace ko namiji mai gajerun yatsu sai su jawo 'yar mitsitsiyar bindiga irin Ruger LCP su ce ga daidai ke nan. Gaskiya ba daidai ba ce. LCP ba ta kai giram 300 ba, Glock 19 kuwa tana kusan giram 670, kuma iya rashin nauyin bindiga iya zafin shurin da za ta maka a tafin hannu in ta tashi, ga mariƙin gajere ne ƙaramin yatsanka na lilo a iska ba inda zai kama. Don a sa a aljihu aka yi su, ba don a ji daɗin koyo ba. Mutum ya harba goma hannu na zogi, shikenan ya jefa ta a durowa bai ƙara waiwayarta ba.

Abinda ya kamata ka auna abu biyu ne, kaurin mariƙi da kuma tazarar da ke tsakanin bayan mariƙin da kunama. Na biyun ma ya fi muhimmanci.

Ga yanda za ka gwada a shago. Ka sa mai shagon ya cire magazin, wato gidan harsashi, ya ja silaid, wato saman bindigar da ke zamewa gaba da baya, ya nuna maka ba harsashi a ciki, kai ma ka leƙa da idonka, kar ka ji kunya, kuma bakin bindigar kar ya kalli kowa. Ka kama ta da hannun da kake aiki da shi, fatar nan da ke tsakanin babban yatsa da manuni ta hau can sama ta manne da wuyan mariƙin, ba gibi. Yanzu miƙe hannun ka duba daga sama, bututun bindigar ya yi layi ɗaya da ƙashin hannunka tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu. A haka, ba tare da ka motsa riƙon ba, ka nemi izini ka ɗora manuni a kan kunama. Naman gaɓar farko ta yatsan ya kamata ya kwanta a kanta sosai, har ka ga ɗan fili tsakanin sauran yatsan da jikin bindigar. In bakin farce ne kawai ke taɓawa, ko sai ka murɗa hannu ka zagayo da shi gefe kafin ka kai, ta fi ƙarfinka, ajiye ta komai kyanta. Dalili kuwa, da zarar ka murɗa, bayan mariƙin ya bar tsakiyar hannu ya koma kan gaɓar babban yatsa, nan shurin zai dinga sauka, sannan wajen matsa kunamar za ka dinga ture bakin bindigar gefe, mai hannun dama sau da yawa sai ya ga harbinsa na tafiya hagu yana ta zargin saiti alhali riƙo ne.

Me ke sa mariƙi kauri? Magazin. Wadda harsasanta ke jere layi biyu, irin Glock 17 mai cin 17, dole ta yi ƙiba. Masu layi ɗaya ko siririn magazin su ne abokan ƙaramin hannu. Glock 48 da 43X da suka fito a 2019 suna cin 10, sirara ne amma mariƙin na da tsawon da duk yatsu za su samu wuri, ni a ganina daga nan ya kamata mutum ya fara gwaji. SIG P365 ta 2018 ita ma 10 take ci a ɗan ƙaramin jiki, sai dai P365XL mai cin 12 ta fi ta sauƙin sarrafawa saboda ƙarin tsawo. Walther kuma a 2022 sun fitar da PDP F-Series, takanas suka rage kaurin mariƙi da tazarar kunama don hannun mata, kuma maza masu gajerun yatsu kar sunan ya hana ku ɗagawa, bindiga ba ta san jinsi ba.

Akwai kuma masu bayan mariƙi da ake cirewa a sauya. M&P M2.0 ta Smith & Wesson tana zuwa da guda huɗu a akwati, HK VP9 har gefe da gefen ake canzawa. Wadda ke kan teburin shago yawanci matsakaicin ne a jiki, don haka ka ce a saka maka ƙaramin kafin ka yanke hukunci.

Waɗanda zan ce a yi hattara da su, Beretta 92 da CZ 75. Bindigogi ne na kirki, sojan Amurka sun ɗauki Berettar a 1985 sun riƙe ta shekaru da dama, amma a harbin farko kunamarsu na can gaba da nisa ga nauyi. Haka ƙananan ribolba da ake yawan tura wa mata wai sun fi sauƙi, jan kunamarsu na iya wuce kilo biyar, yatsa gajere yana shan wuya. Abin mamaki tsohuwar 1911 ta John Browning duk girmanta siririya ce, kuma ana sa mata gajeriyar kunama.

Sai jan silaid, wanda shi ke korar mutane da yawa. Rabi ƙarfi ne rabi dabara. Ke 'yar'uwa, kar ki tsunkule shi da yatsu biyu, ki dafe bayansa da duk tafin ɗaya hannun, ki matso da bindigar kusa da jiki bakinta na kallon inda ba kowa, yatsa a wajen kunama, sai ki tura mariƙin gaba da ƙarfi lokacin da ɗaya hannun ke riƙe silaid ɗin, ki sake shi ya koma da kansa. In duk da haka ya gagara, Shield EZ ta Smith & Wesson don wannan matsalar aka yi ta, akwai mai cin harsashin .380 akwai mai cin na 9mm. Maɓallin sakin magazin kuma in babban yatsa bai kai ba wannan ba abin fasa ciniki ba ne, ana iya dannawa da na ɗaya hannun. Kunama ce ba ta da wakili.

Kan harsashi ba sai an ja magana ba, 9mm ya wadatar kuma ya fi araha wajen atisaye, .380 a bindiga mai ɗan jiki ya fi laushi, wanda bai taɓa harbi ba kuma ya fara da mai ƙaramin harsashi na .22 kamar Glock 44 ko Ruger Mark IV har tsoron ƙarar ya fita.

Riƙewa a shago dai rabin gwaji ne. Filayen harbi da yawa a Amurka suna ba da hayar bindiga, ka zaɓi biyu ko uku da suka ci jarabawar kunama, ka tafi da malami mai koyarwa, ka harba kwali ɗaya na harsashi 50 ka raba musu. Ka lura ko bayan kowane harbi sai ka sake gyara riƙo, in haka ne ba taka ba ce. Ranar da za ka biya kuɗi kuma ka haɗa da akwatin ƙarfe mai makulli a cikin kasafin, musamman in akwai yara a gidan.