Darasi na Tara: Fatsar Kifin Bas Mai Ratsi da Tanar Roba

Kifin bas mai ratsi kifin teku ne. Gidansa gaɓar gabashin Amurka ta Arewa, a Tekun Atlantika, tun daga kogin St. Lawrence a Kanada har zuwa arewacin Fulorida. Jikinsa launin azurfa ne, da baƙin ratsi bakwai ko takwas daga kai zuwa wutsiya. A teku yake kiwo, amma daga watan Afrilu zuwa Yuni yakan hau koguna ya zuba ƙwai, musamman kogunan da ke shiga mashigin Chesapeake, da kogin Delaware, da kogin Hudson. Kifi ne mai ƙarfi. A 2011 an kama wani a ruwan jihar Connecticut da ya kai kilo 37.

Ita kuwa tanar roba, asalinta ta ruwan daɗi ce. Nick Creme ne ya fara zuba ta a 1949, a garin Akron na jihar Ohio, kuma masu fatsa a tafkuna ne suka fara karɓar ta. To me zai kai ta teku? Abincin mai ratsi. Yana cin wani siririn kifi da ke ɓuya cikin rairayi, yana cin kifin nan mai kama da maciji, yana cin tsutsotsin laka. Duk dogaye ne sirara, kuma tanar roba ta ɗauko siffarsu. Ita robar ba ruwanta da gishiri. Inda ake samun asara shi ne ƙarfen da aka maƙala mata da kuma hannun mai ja.

Zaɓen tana

Mai tsawon inci 5 zuwa 7 ita ce ta yau da kullum. Inci ɗaya santimita biyu da rabi ne. Da dare, ko inda manyan kifaye suke, a ɗauki mai inci 9 ko fiye. Miƙaƙƙiya mai siririyar wutsiya ta fi mai naɗaɗɗiyar wutsiya, domin iska ba ta tare ta wajen jifa. Da rana a sa fara ko mai ruwan hoda, ko koriya mai duhu. Da dare baƙa ta fi, saboda kifi daga ƙasa yake kallo, kuma baƙin abu ya fi fitowa idan hasken sama na bayansa.

Akwai wadda ake cuɗa robarta da gishiri. Tana da nauyi, tana nisa a jifa, tana nutsewa ba tare da dalma ba, sai dai saurin yagewa gare ta. Kifi biyu ko uku kan iya gamawa da ita.

A watan Mayu, a tafkunan ruwan gishiri na jihar Rhode Island, wasu jajayen tsutsotsi kan fito daga laka su cika saman ruwa da yamma. A irin wannan lokaci mai ratsi ba ya kallon babban koto. Sai a yanko jar tana inci 2 zuwa 3, a sa ta ba dalma, a ja ta a hankali a saman ruwa.

Ƙugiya da zare

Nan ne za mu daɗe, domin nan yawancin kifi ke kuɓucewa. Ƙugiyar da ake sayarwa don tafki siririya ce. Gishiri na cinye ta da tsatsa cikin 'yan kwanaki, kuma babban mai ratsi, idan ruwa mai gudu ya taimake shi, miƙar da ita yake yi ya tafi. A nemi mai kauri wadda aka rubuta cewa ta teku ce, mai faɗin baki, mai ɗan lanƙwasa a wuya kusa da ido, wato ramin da ake ɗaura zare. Lamba 4/0 ko 5/0 ta dace da tana mai inci 5 zuwa 7, lamba 7/0 ko 8/0 kuma da mai inci 9. Faɗin bakin ƙugiya ya ninka kaurin tana sau biyu. In bai kai ba, roba ce za ta cike bakin, tsini ba zai sami nama ba.

Sanda mai tsawon ƙafa 7 zuwa 8 ta isa. A naɗa wa keken zare kitsattsen zare mai ɗaukar laba 20 zuwa 30, wato wajen kilo 9 zuwa 14. A bakinsa a ƙulla garai-garan zaren gaba mai laba 25 zuwa 40, tsawon santimita 60 zuwa 90. Mai ratsi ba shi da haƙora masu yanka, amma bakinsa kaushi gare shi, ga duwatsu masu kaifi, kitsattsen zare kuwa ba ya jure guga. Birkin keken a ɗaure shi daidai kwata ko sulusin ƙarfin zaren, don kifi ya iya jan zare kafin ya tsinke.

Yadda ake soka tana

Riƙe tana da hagu. Soka tsini a tsakiyar hancinta daidai, ya shiga rabin santimita, ka fito da shi ta ciki. Tura kan tanar ya bi ƙarfen har ya haye lanƙwasar wuya ya zauna jikin ido. Juya ƙugiya tsininta ya fuskanci tanar. Yanzu kada ka yi gaggawa. Kwantar da ƙugiya a gefen tanar, ka duba inda gindinta ya tsaya, ka dafe wurin da babban yatsa. Nan za ka soka, tsini ya ratsa ya fito ta baya ya kwanta. Ɗan ja robar gaba, ka ɓoye bakin tsinin ƙarƙashin fatarta, don kada ya kwaso ciyawa. Ɗigo ɗaya na gam mai saurin kamawa a hanci zai hana ta zamewa.

Sai ka ɗaga zaren, tana ta rataya. Dole ta miƙe sambal. Idan ta yi doro ko ta karkace, cire ka sake. Karkatacciyar tana juyi take yi a ruwa kamar dunƙulen zare a mazari, ta murɗe maka zare, kifi kuma ya ƙi ta. Kafin ka je bakin teku, gwada a baho ko randa: ja ta ka gani ko tana tafiya gefe da gefe, ko kuwa birgima take.

Wannan ɗauri na ruwa marar zurfi ne, ƙafa 1 zuwa 6. Idan ruwa ya fi haka ko yana gudu, sai ƙugiya mai kan dalma. Giram 7 don ruwa mai sanyin gudu, giram 14 zuwa 28 don mashigi mai ƙarfi. Ruwan gishiri ya fi ruwan daɗi riƙe abu, ga kuma gudu, don haka nauyin da ya kai ka ƙasa a tafki ba lallai ya kai ka a teku ba. Fara da mafi sauƙi. In ka ƙirga goma ba ka ji ƙasa ba, ƙara. In kana maƙalewa a dutse kowane jifa, rage.

Lokaci da ja

A wannan gaɓa teku na cikowa sau biyu ya janye sau biyu a kwana, kowanne wajen awa shida. Mai ratsi na farauta ne lokacin da ruwa ke tafiya. Yakan fake bayan dutse, ko ƙafar gada, ko bakin rafi, yana jiran abin da ruwa zai kawo. Idan ruwa ya tsaya cik, cizo kan ɗauke. Asuba, magariba da dare sun fi tsakar rana, kuma ya fi kuzari idan zafin ruwa na tsakanin digiri 13 da 20.

Jefa ta ɓangaren da ruwa ke fitowa, ka bar shi ya kawo tanar wurin maɓoyar. Girgiza bakin sanda sau biyu, ka tsaya ka ƙirga uku, ka naɗe sakin zare, ka maimaita. Cizo ya fi zuwa a wannan tsayawar, lokacin da tana ke nutsewa, kuma sau da yawa ɗan tak za ka ji, ko ka ga zare ya yi gefe. Naɗe har ka ji nauyi, sannan ka fizga da ƙarfi, tunda sai tsini ya ratsa roba kafin ya shiga baki. Da dare rage girgiza, ka naɗa a hankali ƙwarai. Saurin ja shi ne babban laifin sabon hannu.

Idan ka jawo tana an gutsure rabinta, aikin wani shuɗin kifi ne mai haƙora da ke yawo a ruwa ɗaya da mai ratsi. Kada ka ƙarar da jakarka a kansa, sauya wuri. Guntun kuma ka sa a aljihu, domin kifi na haɗiye robar da aka yar.

Bayan an dawo, a ɗauraye sanda da keke da ƙugiyoyi da ruwan famfo, a shanya a inuwa. A zare ƙugiya daga jikin tana mai gishiri, in ba haka ba tsatsa za ta ci ta daga ciki inda ido ba ya gani. Kowace irin tana ta zauna a ledarta, don akwai roba mai talewa da ke narkewa idan ta haɗu da ta gargajiya.

Doka da sakin kifi

Wannan kifi ya taɓa kusan ƙarewa, har jihar Maryland ta hana kama shi daga 1985 zuwa 1989. A 2023, abin da aka yarje wa mai fatsa ya riƙe a teku shi ne kifi ɗaya a rana, mai tsawon inci 28 zuwa 31. Mashigin Chesapeake na da nasa awon, kuma haramun ne a kama mai ratsi a ruwan teku da ya wuce mil 3 daga gaɓa. Dokokin na sauyawa, sai a duba na jihar da ake ciki, a yi rajista ko a yanki lasisi.

Ke nan yawancin abin da ka kama saki za ka yi, kuma hukumomi na lissafin cewa 9 cikin 100 na waɗanda aka saki mutuwa suke. Matse kunnen ƙugiya, wato 'yar ƙayar da ke bayan tsini, da filaya tun kafin ka jefa. Jiƙa hannu, ka kama leɓen ƙasa, ɗaya hannun ya tallafi ciki, kifi na kwance. Kula da ƙayar bayansa, tana suka. Kada ka ja shi kan rairayi. Mayar da shi ruwa kansa na fuskantar gudu, ka riƙe har sai ya buga wutsiya ya ƙwace da kansa.