Yadda ake tafiyar da shagon atamfa a intanet

Mai sayen atamfa a Kantin Kwari yakan ɗauki turmi ya kai shi bakin ƙofa don ya ga launinsa a hasken rana, sannan ya murza gefensa da yatsu ya ji ko auduga ce ko roba ta yi mata yawa. Wanda ke saye ta waya daga Legas ko Yamai ba shi da wannan dama, saboda haka aikin mai shagon intanet shi ne ya zama ido da hannun wanda ba ya wurin.

A fara da hoto, domin shi ne teburin da ake baje hajar. A ɗauke shi da hantsi a inuwa mai haske, kada a ɗauka a ƙarƙashin ƙwan lantarkin shago, wanda ke iya mayar da ja ruwan goro. Kowane zane yana buƙatar hoto uku: turmin a ninke, sannan a shimfiɗe yadda za a ga girman zanen, sai kuma gefen da aka buga sunan kamfanin da ya yi shi. Kada a ƙara wa hoton ƙyalli da manhajar gyaran hoto, domin ranar da kaya suka isa hannun mai su za ta haɗa turmin da hoton da ke wayarta ta kwatanta, kuma duk bambancin da ta gani a wuyan mai shago zai rataya.

Daga nan sai a rubuta farashi a fili. Masu sayarwa da yawa sun saba cewa a biyo su ta ciki, wato ta saƙon sirri, a ji kuɗi, amma a ganina wannan ɗabi'a tana korar masu saye fiye da yadda take jawo su, tunda mutum yakan zargi cewa za a duba hotonsa ne kafin a yanka masa farashi. Manhajar WhatsApp Business, wadda ta fito a 2018, tana da wurin jera kaya da kuɗinsu. A rubuta cewa atamfa yadi shida ce, leshi yadi biyar, kuma duk zanen da ya ƙare a cire shi a ranar.

Batun karɓar kuɗi shi ya fi buƙatar natsuwa. Tun ƙarancin takardun naira da aka yi a farkon 2023, lokacin sauya fasalin kuɗi, jama'a suka rungumi taransifa, su ma macuta suka ƙware wajen turo alat na bogi da hoton rasit ɗin da aka haɗa. Kada a saki kaya saboda saƙon tes ko hoton da aka turo. A buɗe manhajar banki a ga kuɗin sun zauna a asusu tukuna, ko da mai sayen yana ta kira yana cewa mota za ta tashi. Ya kamata kuma a raba asusun shago da na cefane. Idan aka yi wa sunan shagon rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, banki zai buɗe asusu da wannan sunan, kuma mai saye da ya shigar da lambar asusu ya ga sunan shago ya fito, hankalinsa yakan kwanta fiye da idan ya ga sunan wani da bai sani ba.

Wajen aikawa, a faɗi kuɗin mota da wanda zai biya shi kafin a kammala ciniki. Idan ta tasha za a aika, a naɗe kayan a leda biyu saboda ƙura da ruwan sama, a rubuta sunan mai karɓa da lambarsa da manyan haruffa, a ɗauki hoton lambar motar, a tura wa mai kayan tare da lambar direba. Kaya masu tsada irin na lefe gara a biya ƙari a ba kamfanin aika saƙo da ke bayar da rasit da lambar bin sawu.

A rubuta ƙa'idar mayar da kaya tun kafin a samu saɓani, misali kwana biyu bayan karɓa muddin ba a sa wa yadin almakashi ba. A kuma ajiye littafi da ke nuna wa ya sayi me da yaushe, domin daga cikinsa ne za a san waɗanda za a fara tura wa sababbin zane kafin azumi ya kama, tunda teloli da yawa sukan daina karɓar ɗinkin Sallah tun azumi bai yi nisa ba.