Yaro Yana Karantawa, Amma Yana Ganewa Kuwa?

Kuskuren da ya fi yawa a gidajenmu da azuzuwanmu shi ne ɗaukar hadda a matsayin karatu. Malami ya karanta layi, yara su maimaita da murya ɗaya, gobe a sake, kafin mako ya ƙare kowa ya iya shafin da ka. Uba ya ji ɗansa yana rattabo shi ba gargada, sai ya yi murna. Amma a nuna wa yaron kalma ɗaya daga tsakiyar layi, sai ya yi tsuru-tsuru. Hadda tana da muhallinta, mun kuwa san darajarta a makarantar allo, sai dai ba da ita ake auna fahimta ba. A ba yaro gajeren labarin da bai taɓa gani ba, in ya gama a rufe littafin a ce, "To, ba ni labarin da bakinka." Nan ake sanin inda aka kwana.

In ya kasa, kada a yi saurin cewa ba shi da ƙwaƙwalwa. Sau da yawa haɗa baƙi da wasali ne bai zauna masa ba. Wanda yake fama da ba, be, bi, bo, bu, kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Irin wannan yaro a koma da shi kan gaɓoɓi, a raba masa ɓ da b, ɗ da d, ƙ da k, sannan ya riƙa maimaita gajeren rubutu ɗaya har ya saba.

Abin da ya fi damuna shi ne gaggawar Turanci. Yaron da Hausa kaɗai yake ji a gida, a ɗora masa littafin Turanci tun aji ɗaya, an haɗa masa aiki biyu: koyon karatu da koyon harshe. Zai iya furta kalmomin, ma'ana kuwa babu. In ya fara da harshen da yake tunani da shi, dabarar karatun za ta bi shi zuwa Turanci daga baya.

Sai tambayoyi. "Wa ya je rafi?" ba ta da wuya, amsar tana nan a layi. A ƙara da irin su "Me ya sa Gizo ya yi wa Ƙoƙi ƙarya?" da "Me kake jin zai faru gaba?" A kuma jira. Mu manya muna da saurin amsa wa yaro tambayar da muka yi masa. Haka nan gyara: in ya yi tuntuɓe kada a cafe, a bari ya kai aya, a ce, "Abin da ka karanta ya yi ma'ana?" Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, don haka "gari" na zama da "gari" na tuwo, jimla ce kawai ke bambanta su, kuma dole yaro ya saba lura da hakan da kansa. Tsawa da bulala kuwa tsoro suke koyarwa.

Kada a daina yi masa tatsuniya don ya shiga makaranta. Ko uwa ba ta yi boko ba, hirarta da ɗanta a kan kasuwa da gona da girki ita ke tara masa kalmomin da zai tarar a littafi. Minti 15 bayan sallar isha'i, a kashe talabijin a ajiye waya, ya karanta mata shafi ɗaya, ita kuma ta tambaye shi abin da ya faru.