Yadda za ki zaɓi fim ɗin soyayya bayan rasuwar miji

Akwai finafinan soyayya da labarinsu ke farawa da mutuwa: miji ya rasu ko mata ta rasu, wanda aka bari yana fama da kewa, can daga baya wata sabuwar fuska ta shigo rayuwarsa. Wanda bai taɓa irin wannan rashin ba yakan kalle su ya yi ɗan hawaye ya tashi. Mu da muka rasa abokan zamanmu kuwa, wani fim ɗin zai sauke mana nauyin ƙirji, wani ya hana mu runtsawa har gari ya waye. Tun rasuwar maigidana, Allah ya jiƙansa, na kalli irinsu da dama, kuma ga yadda nake zaɓe. Da ke nake magana, 'yar'uwa, amma namijin da ya rasa matarsa shi ma ya ɗauka.

Kafin ki kunna komai, ki shiga intanet ki karanta labarin fim ɗin har ƙarshe. Na san ana cewa sanin ƙarshe yana kashe armashin kallo. Ke ba armashi kika zo nema ba. Abin da kike son sani shi ne yadda mutuwar ta zo, da ko an nuna ta a fili. A P.S. I Love You na 2007, ƙari ne a ƙwaƙwalwa ya yi ajalin mijin. Three Colours: Blue na 1993 da haɗarin mota yake buɗewa, matar ta rasa miji da 'yarta a take. Idan naki mijin ta irin wannan hanyar ya tafi, ki ajiye fim ɗin sai wani lokaci. Kada kuma zanen yara ya ruɗe ki. Up na 2009 fim ne na yara, amma a farkonsa akwai 'yan mintuna da aka nuna zaman aure gaba ɗaya, daga ɗaurin aure zuwa gadon asibiti, ba a ce uffan ba. Ban ga abin da ya karya mini zuciya kamarsa ba.

Abin da na fi dubawa shi ne yadda fim ya riƙi mamacin. Wasu finafinan kashe shi suke yi don kawai a share wa sabuwar soyayya hanya. Da sabon mutum ya bayyana, sai hoton da ke bango ya ɓace, sunan ma a daina ambatonsa. Irin wannan yana sa ki ji kamar ci gaba da rayuwa cin amana ne, ko kuma ki ji ke ce mai laifi da har yau ba ki manta ba. Ki guje shi.

Akwai kuma masu wasiƙa. A Kuch Kuch Hota Hai na 1998, matar ta rasu bayan haihuwa, ta bar wa 'yarta wasiƙu takwas, ɗaya duk shekara, ta takwas ɗin tana roƙon yarinyar ta haɗa mahaifinta da tsohuwar ƙawarsa. A P.S. I Love You ma mijin ya bar wasiƙu suna isowa ɗaya bayan ɗaya, yana nuna wa matarsa hanyar komawa cikin mutane. Suna da daɗi, ba na musu. Amma ki shirya wa tambayar da za ta biyo baya: ni me ya sa nawa bai bar mini komai ba? Yawancinmu ba a yi mana sallama ba. Babu wasiƙa, babu izini, sai riga a rataye da lambar wayar da kika kasa gogewa. Marubucin fim ya ba mamaci baki ne don ya sauƙaƙa wa kansa aiki. Idan zuciyarki tana kan gaɓar neman izinin da ba zai zo ba, waɗannan finafinan fama miki ciwo za su yi.

Wanda ya fi kwanta mini shi ne wani tsohon fim na Faransa, Un homme et une femme na Claude Lelouch, wanda ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Cannes a 1966. Matar ta rasa miji, namijin ya rasa mata, suka haɗu a garin Deauville inda 'ya'yansu ke makarantar kwana. Suna son juna, babu shakka. Amma da suka kusanci juna sai matar ta kasa, domin mijinta yana nan daram a ranta. Fim ɗin bai zarge ta ba, bai kuma mai da marigayin abokin gaban sabon mutumin ba. Masana ma sun zo kan wannan. A 1996 Dennis Klass da abokan aikinsa suka fitar da littafi suna nuna cewa ci gaba da riƙe mamaci a zuciya ba ciwo ba ne, mutane da yawa da shi suke samun sauƙi. Ki nemi fim ɗin da ya yarda zuciya ɗaya za ta iya ɗaukar wanda ya tafi da wanda ya zo.

Kada ki auna kanki da agogon fim. Cikin awa biyu dole jaruma ta yi kuka, ta yi fushi, ta kwashe kayan miji, ta yi murmushi. Har matakai biyar ɗin nan na baƙin ciki da ake yawan ambata, wato ƙin yarda, fushi, neman sassauci, ƙunci da haƙura, likita Elisabeth Kübler-Ross ta tsara su ne a 1969 daga hirarta da marasa lafiyar da ke dab da mutuwa, ba waɗanda aka mutu aka bari ba. Bayanin da ya fi kama da abin da na gani a kaina shi ne na masana Margaret Stroebe da Henk Schut na 1999: mai juyayi kai-komo yake yi, yau yana fuskantar rashin, gobe yana fuskantar hidimar rayuwa, jibi ya sake komawa. Da wannan nake zaɓen fim. Ranar da kukan ya tokare ni ya ƙi fita, na ɗauko mai nauyi. Ranar da na gaji da kukan, na ɗauko mai sauƙi irin Sleepless in Seattle na 1993, inda yaro ɗan shekara takwas ya buga waya gidan rediyo yana nema wa babansa mata.

Game da zaman kallon, ki yi shi da sauran rana, kada ki bari sai dare ya raba kina ke kaɗai. Idan za ki kalla da wani, ki zaɓi mai iya shiru, ba wadda za ta riƙa satar kallon fuskarki tana jiran ta ga hawaye ba, ba kuma wadda da an gama za ta ce ai ke ma lokaci ya yi. Na'urar tsayar da fim ta kasance a hannunki. Kina da ikon dakatarwa a minti na ashirin ki ƙarasa bayan wata guda, ko ki bar shi har abada. Idan akwai yara a gidan, ki fara kalla ke kaɗai, domin fim ɗin da uba ko uwa ke sabon aure yakan tayar musu da tambayar da ya kamata ki shirya mata.

Ba kowane aure ne ya ƙare cikin daɗi ba, kuma wannan juyayin ya fi wuyar faɗa. Idan mijinki ya tafi da sauran magana a tsakaninku, ko da wani laifi da ba ku warware ba, akwai Drive My Car na Japan, na 2021, wanda ya ci kyautar Oscar a 2022. Mutumin ya san matarsa tana cin amanarsa, ya yi shiru, sai ta rasu farat ɗaya, ya ci gaba da sauraron muryarta a kaset cikin motarsa. Kusan awa uku ne, tafiyarsa a hankali, kuma babu sabuwar soyayya a ciki. Sai kin ɗan yi ƙarfi tukuna.

Ki lura da kanki kwana biyu bayan kallo. Idan kin yi kuka kin ji sakayau, fim ɗin ya yi aikinsa. Idan kuwa kin koma maimaita fim ɗaya dare da rana, kin daina cin abinci, kin daina ɗaga waya, to ki kashe shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa matsanancin juyayin da ya wuce wata shida yana hana mutum harkokinsa cikin jerin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, kuma ana maganinsa. Ki je wurin likita ko mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Idan tunanin bin bayan mijinki ya fara zuwar miki, ki faɗa wa wani na kusa da ke a ranar, kada ki kwana da shi.