Yadda na gyara duhun hotunan furanni a tsohuwar kyamarar fim

Hotunan wardi da nake ɗauka daga kusa, da kyamarata Pentax Spotmatic, sun riƙa fitowa da duhu, alhali na'urar auna haske ta hannu lafiyarta ƙalau. Matsalar tana ga bututun da nake ɗaurawa tsakanin kyamara da gilashinta don ɗaukar abu daga kusa. Bututu mai milimita 50 a bayan gilashi mai milimita 50 yana fito da fure daidai girmansa a fim, amma kashi ɗaya cikin huɗu na hasken ne kawai yake isa, kuma na'urar hannu ba ta lissafa wannan. Sai na bar ƙofar haske a f/8 (ma'aunin faɗin buɗewarta), na mayar da saurin ɗauka daga 1/125 zuwa 1/30 na daƙiƙa, don hasken da ke shiga ya ninka kusan sau huɗu. Da yake wannan jinkiri yana tona kowane motsi, na kafa kyamarar bisa mazauni mai ƙafa uku, ina ɗauka da sassafe kafin iska ta taso.