Kurakuran da ake yi wajen auna juriyar iyali a Kaduna

Ɗalibai da ma'aikatan ƙungiyoyi kan shiga Rigasa ko Kakuri riƙe da takardar tambayoyi, suna son sanin yadda gidaje ke miƙewa bayan masifa irin rikicin 2000, ko rufe masaƙu, ko ambaliyar kogin Kaduna. Yawancin takardun nan a Amurka aka tsara su, kamar ta Froma Walsh mai tambayoyi 32, kuma tun a wajen fassara ake yin tuntuɓe.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne sa "haƙuri" a gurbin juriya. Matar da ke shan duka ta yi shiru, kowa zai ce mai haƙuri ce, ita ma haka za ta faɗa, sai takarda ta ba gidan maki mai yawa alhali wuta na ci ta ciki. A bar tambayar hali, a tambayi abin da ya faru. Da gobara ta cinye shago, wa ya kawo jari? Adashe aka kwasa ko ɗan'uwa ne ya tallafa? Yaran sun koma makaranta?

Sai kalmar "iyali". In magidanci ya ce iyalinsa ba lafiya, sau da yawa matarsa yake nufi. A ce masa "waɗanda kuke cin tukunya ɗaya", a yi wa dangi da maƙwabta tambaya daban. Kada kuma a tsaya ga maigida. Uwargida da amarya kowacce a ji ta ita kaɗai, kuma mace ta yi tambayar.

Tambayar nan ta ko 'yan gida na faɗa wa juna abin da ke ransu, tana rage wa gidajenmu maki a banza. Uwar da kunya ta hana ta kiran sunan ɗan fari, ita ce za ta sayar da kwanukanta ta biya masa kuɗin asibiti.

In aka ce mutum ya zaɓi amsa daga 1 zuwa 5 ma, "Alhamdulillahi" kawai zai ce. Gara a zana kofuna biyar, daga wofi zuwa cikakke, mutum ya nuna.

Jin Hausa kuma bai sa ta zama harshen uwa ga kowa ba. Dattijuwa Bajju ko Gbagyi a Sabon Tasha za ta yi ciniki da Hausa, amma labarin rashin ɗanta da harshenta zai fito. A nemi tafinta daga unguwar, a ba wani da bai ga asalin takardar ba ya mayar da fassarar zuwa Turanci a ga ko ma'anar ta canza, sannan a gwada ta a gidaje kaɗan kafin a fita aiki.