Yadda ake ajiye ilaktirod kada danshi ya ɓata shi

Idan marka ta zauna a watan Agusta, masu walda kan fara kukan cewa inji ba ya jan wuta, sanda sai liƙewa take yi, tartsatsi ya yi yawa. Sau da yawa injin ba shi da laifi. Kwalin ilaktirod, wato sandar walda, ne aka bari a buɗe a kan siminti, ɓawon da ke jikin sandar ya sha laima. Ruwan nan in ya shiga wuta sai ya bar ƙananan ramuka a ɗinkin, wani lokaci ma ɗinkin ya tsage bayan ya huce.

Fara da duba lambar da ke kusa da gindin sandar. Wadda aka fi amfani da ita wajen ƙofa, taga da gado ita ce 6013, kuma tana da haƙuri da danshi. Ita 7018, ta aikin ƙarfe mai ɗaukar nauyi, ba ta da shi ko kaɗan: bayan awa 4 a sarari ta fita daga ƙa'ida. Kada ka haɗa su wuri ɗaya.

Sai ka yi musu gida. Nemi bututun roba na masu famfo, mai inci 4, ka yanka kamar santimita 40, tunda sandar geji 10 (geji shi ne ma'aunin kaurin sanda) yawanci ba ta wuce santimita 35 ba. Liƙe murfi ɗaya da gam a ƙasa, ka sa soso ko tsumma busasshe a ciki don kada bakin sanda ya fashe. Na sama ya zama mai zare, wanda ke rufewa gam. Jefa 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, ka rubuta lamba da geji a jiki. Ɗora bututun a kan kanta, ba a ƙasa ba, nesa da bango da inda kwano ke yoyo. Siminti yana gumi da damina ko da ido bai gani ba.

Abin da na fi nacewa yaran shago shi ne wannan: ɗebi iya na aikin yanzu, ka rufe nan take. Guda goma a hannu sun isa. Kuma kada a tura su aljihun wando, gumi ma ruwa ne.

Wasu kan sa kwan fitila irin na da, mai zafi, a cikin mataccen firji, su ajiye sandunan a ciki. Dabara ce mai kyau ga 6013 idan akwai wuta. Amma 7018 da aka buɗe tana son zama a zafin digiri 120 na ma'aunin Celsius, wadda ta jiƙa kuwa sai an gasa ta a wajen digiri 350 a tanda ta musamman. Shanya a rana ba ta kai nan ba. Shi ya sa a ƙaramin shago gara ka sayi ɗan ƙunshi a rufe ranar aikin. Sanduna masu lamba 6010 da 6011 kuwa ba a gasa su, da ɗan danshinsu aka ƙera su.

Kafin ka kunna inji, ɗauki sanda uku ko huɗu ka kaɗa su a tafin hannu. Busassu suna ƙara tsaf kamar ƙarfe, masu laima sautinsu a dushe yake. Wadda ɓawonta ke ɓarewa ko tsatsa ta fito a bakinta, ware ta yaro ya koyi hannu da ita, kada ta taɓa ƙofar mutane.